Gajiyar da Gwaji Bai Gani Ba

Autar Goggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wadda ta daɗe ba ta sa 'yar'uwarta a ido ba. Yaya aiki, yaya marasa lafiyarku, yaya baƙunta a wancan lungu da aka jefa ki? Mu nan lafiya lau. Baban yara yana gaishe ki, ya ce in tambaye ki wai har yanzu kina hawa kujera in kin ga kyankyaso, ko zama ma'aikaciyar jinya ya ba ki zuciya. Babbar 'yata ta shiga aji uku. Ƙaramar kuma haƙoranta biyu na gaba sun faɗi, ta ƙi yin murmushi ko an yi mata cakulkuli.

Na ce lafiya lau ne don haka ake buɗe takarda. Ba lafiya nake ba.

Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa. Wayata ta faɗa bokitin wanki tun watan jiya, ta baban yara muke amfani da ita, kuma wannan magana ba ta kunnensa ba ce tukuna. Ke ma kin ce waya ba ta shiga wurinku sai kin hau tudu. Shi ya sa na roƙi direban motar kaya da ke zuwa wajenku duk Laraba ya miƙa miki hannu da hannu.

Wata huɗu ke nan gajiya ta kama ni. Ba irin wadda kika sani ba, wadda mutum zai kwanta ya tashi garau. Wannan kamar an zare min laka ne. Da hantsi ina iya taka keken ɗinki, in yanka yadi biyu ko uku. Amma da zarar azahar ta gota, almakashi sai ya yi min nauyi kamar guduma. Shekaranjiya na auna wata mata sau uku, ina rubutawa ina mantawa, har ta ce, "Ko dai in dawo gobe ne?" Ni da na yi shekara goma sha tara ina ɗinki, wadda ido kawai nake kallon mace in faɗi faɗin kafaɗarta.

Da fari na ɗora wa aiki laifi. Tun da muka koma sabon shago a jerin shagunan bayan tasha, ɗinki ya yi mana yawa. Ɗaki ne na ciki, babu taga, amma mai askin da ke maƙwabtaka da mu ya ja mana wuta daga janaretansa, muna da ƙwan lantarki da fanka, na kuma sa wa kekena injin. Sai na ce ai yanzu ma ya kamata in rage gajiya, tunda ba ƙafata ke yin aikin ba.

Na je asibitin unguwarmu. Na zauna a benci tun safe, aka kira ni wajen sha ɗaya. Likitan matashi ne, idonsa ma ya fi nawa nuna gajiya. Ya ce, "Me ke damunki, Uwa?" Na ce gajiya. Ya ajiye biro ya ce, "Rabin waɗanda ke kan bencin can ita ta kawo su." Ya auna hawan jini, ya maƙala min wani abu a yatsa, ya sa aka duba zazzaɓin cizon sauro. Duk babu komai. Ya ba ni ƙwayoyin ƙarin jini, ya ce in huta.

Auta, kin san abin da ke raina. Haka Yaya Babba ta fara. Ita ma gajiya ta ce, ita ma ƙwayoyin ƙarin jini aka ba ta, bayan wata bakwai muka rasa ta. Ke kika karanta mana takardarta, ke kika fara furta ciwon daji na jini a gabanmu. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya da ita, me zai hana abin da ke jininta ya kasance a nawa?

Kakata da kakarki ciki ɗaya suka fito, kuma shekara huɗu kika yi a ɗakina kina makaranta. Ba ni da wadda zan tambaya ta faɗa min gaskiya sai ke. Kada ki rarrashe ni.

Yayarki mai ɗinki

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, na karanta ta a tsaye a bakin ɗakin allura. Ki gaishe min da baban yara, ki ce masa kyankyaso ne yanzu ke hawa kujera in ya gan ni. Ki sumbaci mai giɓi. Ni lafiyata ƙalau, sai dai aiki, mu uku ne kawai a nan da tsohon likitanmu.

Kin ce kada in rarrashe ki, to ba zan yi ba. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma ke tsumma kike kallo yanzu. Likitanku bai yi ƙarya ba. Mu ma a nan babu ranar da za ta wuce ba a zo mana da gajiya ba, kuma cikin ɗari da ƙyar a sami ɗaya mai irin ciwon Yaya Babba.

Bari in ba ki labarin na makon nan kawai. Wani malamin makaranta ya zo yana jan ƙafa, ashe ciwon suga ne, yana shan ruwa kamar raƙumi bai taɓa kawo komai a ransa ba. Wani tsoho kuma maganin hawan jini yake sha ninki biyu, domin an canza masa kwali ya ɗauka magunguna biyu ne daban. Muka rage, ya dawo yana tsokanar mu. Akwai wata mata da muka gwada komai nata ba mu ga komai ba, sai da na rufe ƙofa na zauna da ita, sannan ta fashe da kuka, ashe tun da ta rasa ɗanta ba ta ci ba ta barcin kirki. Wasu maƙoƙo ne, wasu tarin fuka, wasu minshari ne ke katse musu numfashi su tashi kamar ba su kwanta ba. A cikin mata masu shekarunki kuwa, wanda ya fi yawa shi ne ƙarancin jini.

Don haka ki koma asibitin. Ki ce a yi miki cikakken gwajin jini, ba na zazzaɓi kaɗai ba, a duba suga, a duba ƙoda, in suna iyawa a duba maƙoƙo. Ki faɗa wa likitan labarin Yaya Babba, kada ki ɓoye. In sun ba ki takarda ki kwafo min duk abin da ke jiki, ko ba ki gane ba.

Sannan ki amsa min waɗannan. Kina ramewa? Zanenki ya yi miki yawa? Kina tari ko zazzaɓi? Al'adarki ta ƙaru? Kina shan wani magani na kemis ko na gargajiya? Kanki na ciwo, kuma da wane lokaci? Akwai ranakun da kike jin sauƙi? Akwai wani kusa da ke mai irin wannan kuka? Ki rubuta komai, har abin da kike ganin shirme ne.

Kuma Yaya, ki faɗa wa mijinki. Ciwon da aka ɓoye nauyinsa biyu ne.

Ga shi an shigo da wata mai naƙuda, direba kuma yana ta danna min ham. Ina da abin da nake zato. Idan shi ne, Yaya, ba za a daɗe ba.

Ƙanwarki

*

Auta,

Gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki da tsohon likitanku. Yara lafiya. Ƙaramar ta yi zazzaɓi makon jiya amma ta warware, har ta koma makaranta. Allah Ya sa mai naƙudar nan ta sauka lafiya.

Na karanta takardarki sau ba adadi. Labaran majinyatanki sun sa na yi murmushi, har na fara jin sanyi a raina. Sai na iso layin ƙarshe. "Idan shi ne, ba za a daɗe ba." Na san ki, Auta. Haka kika yi lokacin Yaya Babba, kika yi ta ba mu labarin waɗanda suka warke, sai da kika kai bakin ƙofa sannan kika faɗi gaskiya a gajarce. Na gode da ba ki ɓoye min ba. Ni na roƙa.

Na koma asibiti kamar yadda kika ce. Sun ɗebi jini kwalba uku. Ga abin da na kwafo a bayan wannan takarda. Likitan ya ce suga daidai, ƙoda daidai, maƙoƙo babu, jinina ya ɗan yi ƙasa amma ba abin da zai kayar da mutum ba ne. Na ba shi labarin Yaya Babba, ya sake duba takardar da kyau, ya ce, "Uwa, babu alamar wannan a nan. Ko akwai abin da ke damunki a gida?" Na ce babu. Ya dube ni irin kallon da ake yi wa wanda ba a yarda da shi ba. Ni kuwa na fito gabana na faɗuwa fiye da yadda na shiga. Ruwa ba ya tsami banza. In gwaji bai gani ba, ai ciwon ne ya iya ɓuya.

Ga amsoshinki. Ban rame sosai ba. Ba na tari. Al'ada ta ɗan ƙaru tun bara. Ba na shan komai sai ƙwayoyin da aka ba ni da maganin ciwon kai. Kai kuwa kullum yana ciwo, daga azahar zuwa la'asar, kamar an ɗaura min igiya a goshi ana ja. Zuciyata na bugawa da sauri ko ina zaune. Ranar Litinin barci ya sace ni a kan keke yana gudu, allura ta shiga gefen yatsana, ban ma ji ba sai da na ga jini a farin yadin mutane.

Kin tambayi ranakun sauƙi. Da ƙaramar ta yi zazzaɓi na zauna gida kwana huɗu. A rana ta biyu kaina ya saki, a ta uku har na wanke labulaye na share tsakar gida. Na ce Allah Ya kawo sauƙi. Na koma shago, kafin la'asar komai ya dawo. Ban yi mamaki ba. Yaya Babba ma ta yi irin wannan sauƙin, har ta tashi ta yi girki, muka yi ta murna.

Mai irin kukana kuwa, sai dai yarinyar da muke shago tare, mai yi min surfani. Fara'a muke ce mata, don tun da na san ta bakinta bai rufu ba. Ita ma tana kukan kai da jiri da tashin zuciya, ta rage surutu. Amma ita cikin wata shida gare ta, na fari, kin ga nata da dalili.

Ban faɗa wa baban yara ba. Jiya ya tsaya yana kallona ina jan ƙafa a matakala, ya ce, "Ke kam wannan ɗinki zai cinye ki." Na yi dariya. Me zan ce masa? Na daina karɓar sabon aiki dai. Ina so in gama na mutane da ke hannuna, kada a zo ana neman yadi a rasa mai shi. Kowane na liƙa masa takarda da sunan mai shi. Ina kuma koya wa babbar yadda ake yi wa ƙanwarta kitso.

Abu ɗaya nake roƙo. Ki faɗa min ko wata nawa ne, in kin sani.

Yayarki

*

Auta,

Ina gaisuwa. Da fatan lafiya ce ta ɓoye ki. Mu muna nan.

Laraba uku ke nan ina zuwa tasha, direba yana girgiza min kai tun daga nesa. Ya ce ya bar takardata a hannun mai gadin asibitinku, ke ba ya ganinki. Ban ga laifinki ba. Tambayar da na yi miki ba mai sauƙin amsawa ba ce, shirun ma amsa ne.

Abin ya ƙaru. Tun da damina ta sauka, kwanakina sun gajarce. Da sai azahar nake fara jin jiki, yanzu tun hantsi. Ruwan farko ya jiƙa janaretan mai aski, sai ya matso da shi cikin lungun bayan shagunanmu, ya rufe saman lungun da tampol. Ƙararsa yanzu a bayan kujerata take, ina jin ita ke ƙara min ciwon kai. Ƙofar gaba kuma muna tura ta saboda feshin ruwa kada ya ɓata yadi. Haka muke wuni ni da Fara'a, babu mai ce wa wani ƙala. Jiya ta yi amai sau biyu, ta kwanta a kan tarin yadi ta ce, "Anti, ni dai barci nake ji kamar in mutu." Na ce ta daina irin wannan magana da ciki a jikinta. Ita mai juna biyu ce, ni kuwa na san nawa.

Saura riguna shida in gama. In sun ƙare zan zauna da baban yara in faɗa masa.

In ba za ki iya rubutawa ba, ki zo in gan ki.

Yayarki

*

Yaya,

Gaisuwa a taƙaice, ki yi haƙuri. Ina lafiya. Ki karanta wannan a duk inda ya same ki, kada ki bari sai kin isa gida.

Ki fita daga shagon nan. Ki fitar da Fara'a. Yau, yanzu. Kada ku koma ciki ko ɗaukar almakashi sai an kashe janaretan an buɗe ko'ina iska ta ratsa.

An tura ni rigakafi ƙauyukan ƙetaren kogi, ruwa ya cika ya tsare mu can kwana goma sha tara. Yau da safe na dawo, mai gadi ya miƙo min takardunki biyu tare. Na karanta su nan take. Na kai wa tsohon likitanmu. Ya karanta ya cire tabarau ya ce, "Mutum biyu a ɗaki ɗaya, ciwo iri ɗaya, in ta bar ɗakin ta warke. Ciwon ba a jikinta yake ba, a ɗakin yake."

Janareta yana fitar da wata iska mai guba a cikin hayaƙinsa. Ita kanta ba ta da wari, ba ta da launi, ko ba ku ga hayaƙi ba tana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa da tsagar bango. In ta shiga jini sai ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita. Kaɗan-kaɗan tana kawo gajiya, ciwon kai, mantuwa, bugun zuciya, amai. In ta yi yawa sai barci, kuma daga wannan barcin wasu ba sa tashi. Gwaje-gwajen da aka yi miki ba sa nuna ta, abin yatsan nan ma ba ya ganinta, ga shi da safe kike zuwa asibiti bayan kin kwana a gida ta fita daga jikinki. Mai ciki ta fi kowa haɗari, domin ɗan cikin ya fi uwar shan wahalarta. Ku tafi babban asibiti, ku ce hayaƙin janareta kuka daɗe kuna shaƙa, a sa muku iska.

Yaya, wallahi layin nan ba abin da nake nufi ba ke nan. Ƙarancin jini nake zato, ina nufin ba za a daɗe ba za ki warke. Sauri ne ya sa na guntule magana. Takardar gwajinki na duba, likitanmu ya duba, babu ciwon Yaya Babba a jikinki. Mako shida na bar ki kina haɗa kayan mutuwa saboda kalma uku da ban rubuta ba. Ban san yadda zan nemi gafararki ba.

Na hau tudu na kira wayar baban yara sau tara, a kashe take. Na aika saƙo, ban ga alamar ya shiga ba. Direba zai tashi nan da rabin awa, na sa ya rantse min zai neme ki da ƙafarsa.

Allah Ya sa takardar nan ta riga.

Ƙanwarki

*

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaishe da kowa, in dai kowa yana nan.

Direba bai zo ba wannan Larabar. An ce motarsa ta lalace a hanya, wani ya ce a'a, tun wancan makon ba a gan shi ba. Ban san ko ya ba ki takardata ba. Kullum in na tashi aiki ina hawa tudu, wayar baban yara har yanzu a kashe. Jiya na sa wa wani tsoho ma'aunin zafi na manta da shi a hammatarsa, sai da ya yi min magana.

Wannan zan ba wata mai sayar da kwanuka da za ta bi ta wajenku. Na nemi izinin kwana uku, likitanmu ya ce sai abokiyar aikina ta dawo ranar Asabar. In ban ji komai ba kafin nan, ina hanya.

Ko layi ɗaya ne, Yaya.

Ƙanwarki

*

Autar Goggo,

Assalamu alaikum. Ki kwantar da hankalinki, ni ce da hannuna. Ina raye, yara lafiya, baban yara lafiya. Wayarsa aka sace a motar haya, shi ya sa kika yi ta kira a banza. Mai kwanuka ta kawo takardarki jiya da yamma, ita za ta koma miki da wannan. Direba kuma ya cika alkawari, a hanyar komawa ne motarsa ta mutu.

Ranar Alhamis ce, wajen sha biyu, ana yayyafi. Muna ciki ƙofa a ture. Sai mai shayin bakin tasha ya leƙo ya ce direba na nemana, ya ce ko me nake yi in ajiye. Na ce wa Fara'a ta ci gaba, yanzu zan dawo. Ta ɗaga min hannu kawai, kanta a jingine da bango. Tafiyar da ba ta fi minti biyar ba sai da na tsaya sau biyu. Direba ya ce, "Ƙanwarki ta ce in tsaya a kanki sai kin karanta a gabana." Na buɗe ina tsammanin adadin watanni zan gani.

Ban kai ƙarshe ba. Da na iso inda kika ce wasu ba sa tashi, na yar da lema na juya. Ban san inda na sami ƙarfin gudu ba. Direba ya biyo ni yana tambaya lafiya.

Na tura ƙofa. Tana ƙasa tsakanin keke da bango, zaren surfani na nan a hannunta. Na kira ta, na girgiza ta, shiru. Na kama ta ta hammata na ja, nauyinta ya fi ƙarfina, muka faɗi tare a bakin ƙofa. Direba ne ya ɗauke ta cak ya shimfiɗa ta a baranda. Ina ihu a kashe janareta, a kashe janareta, mai aski ya fito da reza a hannu yana cewa, "Me ya yi muku? Ai ba ya ko hayaƙi." Mai shayi ne ya zagaya ya kashe. Da ƙarar ta ɗauke, sai na ji numfashinta, sama-sama.

A bayan motar kaya muka kai ta babban asibiti, kanta a cinyata. Na faɗa musu abin da kika ce in faɗa, kalma da kalma. Ba su tsaya tambaya ba, suka sa mata robar iska a fuska, ni ma suka sa min a gadon da ke kusa. Wajen la'asar ta buɗe ido. Abin da ta fara cewa shi ne, "Anti, rigar matar nan ban gama wuyanta ba." Likitar da ta karɓe mu ta ce da an ƙara awa ɗaya, da wani zancen ake yi.

A can baban yara ya same ni. Na ba shi labarin komai, har takardun da na liƙa wa yadin mutane. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi. Ya zauna a bakin gado ya ce, "Shekara goma sha biyar, amma kika shirya tafiya ba ki yi min sallama ba." Har yau in na tuna ba na iya haɗa ido da shi.

Zancen gafara kuwa ki bar shi. Ke kin guntule magana, ni kuma tsoro ya ƙarasa min ita yadda ya ga dama.

Ni kwana ɗaya na yi a asibitin. Ciwon kai ya tafi, gajiya tana janyewa a hankali, sai dai mantuwa ba ta gama sakina ba, sun ce in ba ta lokaci, in kuma ci gaba da ƙwayoyin jini. Na koma asibitin unguwa na faɗa wa matashin likitan. Ya jawo babban littafinsu yana buɗawa baya, ya ce akwai mutum biyu daga jerin shagunanmu da suka zo masa da gajiya. Ɗaya mai gyaran takalma ne. Ɗayan kuwa mai askin ne da kansa. Da yamma likitan ya zo har shagunan da ƙafarsa. An cire tampol, an fitar da janaretan fili. Mai aski ya zo gaishe da Fara'a, ya kasa shiga, ya tsaya a baranda yana share ido da hularsa. Ni dai na kwashe kekena zuwa gida, ba zan sake zama ɗakin da babu taga ba.

Abin da ya rage shi ne ɗan cikin, kuma shi ne ke hana ni sakewa. Sun ji bugun zuciyarsa, amma tun ranar bai motsa ba. Likitar ta ce ba za ta yi mana alkawari ba, ko ya motsa ma sai an haife shi za a san ko gubar ta taɓa shi. Wata biyar yarinyar nan tana gefena tana cewa kanta na ciwo, ni ina cewa ciki ne. Na shagala da mutuwata, ban ga tata tana matsowa ba.

Yau da hantsi na kai mata abinci. Mijinta ya fita karɓo magani, mu biyu ne kawai. Muna cikin magana sai ta kamo hannuna ta ɗora a cikinta ta danne. Muka jira. Na ji ana tura gadon wani a waje, na ji ana kiran wata a ɗakin gaba, babu komai a ƙarƙashin tafina. Har na fara neman abin da zan ce mata. Sai na ji shi, ɗan ƙaramin shuri, sau ɗaya. Ta ce, "Anti, kin ji, ko ni ce nake so in ji?" Na ce na ji. Ba ta saki hannuna ba, ni ma ban janye ba, har mijinta ya dawo ya same mu a haka.

Saura wata biyu ta haihu. Ki sa ta a addu'a. Ki zo ranar Asabar ɗin, kada ki fasa.

Yayarki mai ɗinki